Gaisuwa ga Mai Martaba Mudun Hankali

Ranka ya daɗe, Mudun Hankali! Allah ya ja zamaninka, ɗan ƙaramin akwati mai hukunci a kan manyan kawuna, Bature ɗan Bature jikan Bature, mai awon abin da ido bai taɓa gani ba. Gaishe ka, baƙon da bai san hanyar Ƙofar Mata ba, amma ya san abin da ke cikin kan kowane mutumin Jakara tun kafin ya yi sallama. Kai ne ka sa lamba a wurin da malamai ke rufe littafi su ce Allah ne masani. Kai kaɗai ake yi wa tambaya ɗaya ka ba da amsa uku, kuma duka ukun a rantse a kansu a gaban alƙali. Mu talakawanka na cikin badala mun tuɓe takalma, mun faɗi, muna neman gafara kan ɗaruruwan shekarun da muka yi muna zaman duniya ba da izininka ba.

Abin kunya ne in aka tuna. Sarki Muhammadu Rumfa ya hau karaga a 1463, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina gidan da har gobe ake kira da sunansa, ya yi mulki sama da shekara 30, kuma duk fadawan nan ba a sami mai kishi guda da ya zaunar da shi ya duba ko makinsa ya kai 100 ba. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ake ba da labarin ya kai kuɗin azurfa banki a kan raƙuma 20 a 1929, ya rasu a 1955, daidai shekarar da aka fito da gwajin hankalin manya mai suna WAIS. Ya tafi bai san lambarsa ba. Wa ya sani, ƙila duk fataucin nan daga Gwanja zuwa Ikko sa'a ce kawai.

Alƙalanmu na da kuwa, Allah ya jiƙansu, sun wahalar da kansu. In aka kawo musu wanda ake shakkar hankalinsa, sai su jawo Muhtasar da Tuhfa su tsaya rarrabewa. Wannan majnuni ne da hankalinsa ya gushe ɗungurungum, ko kuwa mai farfaɗowa ne lokaci-lokaci? Wancan ma'atuhi ne, mai ƙarancin fahimta tun yana goye, ko safihi ne, wanda hankalinsa na nan amma kuɗi ba ya kwana a hannunsa? Sannan a nemo shaidu, mai unguwa da liman da maƙwabcin da ke katanga ɗaya da shi, a ji yadda yake saye, yadda yake sayarwa, ko ya san canjin sule. Ko maraya ma fiƙihu bai yarda a miƙa masa gadonsa ba sai an jarraba shi da ciniki an ga ya san ciwon dukiya. Dubi ɓata lokaci! Mutum ɗaya sai ya ci mako guda, alhali Mai Martaba na gama da shi tsakanin Azahar da La'asar.

Harshen namu ma da laifinsa. Mun tara kalmomi kamar tarkacen tsohuwa: hankali, wayo, basira, hazaƙa, azanci, dabara, natsuwa, sanin ya kamata. Har mukan ce wane yana da ilimi amma ba shi da hankali, ko wance wayo gare ta kamar Gizo amma ba ta da tunani. Duk wannan hargitsi Mudun ya share shi da tsintsiya ɗaya, ya bar mana lamba guda mai tsabta, wadda ke shiga layi ɗaya a takardar kotu ba tare da ta ɓata wa magatakarda tawada ba.

Asali kuwa, ba a tsince shi a juji ba. A birnin Faris aka haifi kakansa a 1905, a hannun Alfred Binet da Théodore Simon, don a gano 'yan makarantar da ke buƙatar a ja su a jiki a aji. Binet bawan Allah ne mai ƙaramin buri. Ya yi ta gargaɗin kada a ɗauki makin kamar tsawon yadi, kada a mai da shi tambari a goshin yaro. Ya rasu a 1911, bai ga girman da ɗansa zai yi ba. Da jaririn ya ƙetare teku zuwa Amurka sai ya sami iyayen riƙo masu zuciya. Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya ɗinka masa sabuwar riga a 1916. A Yaƙin Duniya na Ɗaya aka auna sojoji kusan miliyan ɗaya da dubu 750. Henry Goddard ya je tsibirin Ellis, inda baƙi ke sauka daga jirgin ruwa, ya tare Yahudawa da Italiyawa da Rashawa da mutanen Hangari, a gajiye, da ƙunshin kayansu a ka, ya sa aka auna su ta bakin tafinta, ya ba da rahoto a 1917 cewa wajen huɗu cikin biyar na waɗanda ya gwada raunanan ƙwaƙwalwa ne. Ikon Allah! Mutum bai ko wanke ƙafa ba an riga an san iyakarsa.

Gidan sarautar da ke ci yanzu David Wechsler ne ya kafa shi a asibitin Bellevue a 1939. Daga nan aka yi ta naɗi: na 1955, na 1981, na 1997, na 2008, sai auta na 2024. Ga wanda bai sami albarkar ganin fadar ba, akwati ne da ke ɗauke da littafin tambayoyi, da 'yan tubala tara masu launin ja da fari, da teburin lissafi, mai gwaji kuma na riƙe da agogon ƙirga daƙiƙa. Kuɗinsa ya haura dala 1,000, kuma ba a sayar wa kowa sai mai takardar shaida, kamar yadda ba kowa ke shiga soron ciki ba.

To a nan ne karamar take. A sarautar mutane, sabon sarki yakan tabbatar da hukuncin ubansa. A wannan gida kuwa, duk wanda ya hau sai ya tarar ubansa ya cika kyauta. Dalili shi ne 100 ɗin nan ba wani adadi ba ne da ke zaune a cikin kai. Duk sabon bugu, ana tara Amurkawa wajen dubu biyu, a gwada su, abin da na tsakiyarsu ya ci a raɗa masa suna 100. Wani malami a Niyuzilan, James Flynn, ya tattara alƙaluma a shekarun 1980, ya nuna cewa a ƙasashen da aka saba da gwajin, jama'a na ƙara kimanin maki uku duk shekara goma, don kowane ƙarni ya fi na baya zaman aji da sabo da irin wannan wasa ƙwaƙwalwa. Ke nan tsohon bugu da mutanen jiya yake gwada ka, sabo kuma da na yau. Mutum ɗaya, kai ɗaya, hula ɗaya: tsakanin bugun 1955 da na 1981 yakan sami bambancin wajen maki bakwai, tsakanin na 1997 da na 2008 wajen uku. Da safe yana da hankali, da yamma an buɗe sabon akwati ya rage. Wane boka ne ya taɓa yin irin wannan?

In kuma aka juya lissafin baya, sai abin ya ƙara armashi. Uku sau goma talatin. Wato Amurkawan zamanin Terman, waɗanda suka raini Mudun suka yi masa kaciya, da za a tashe su a auna su da jikansa na yau, na tsakiyarsu wajen 70 zai tsaya. Sarkin da ya iya yanke wa iyayen gidansa hukuncin wauta, ai ba ya tsoron kowa.

Mu Kanawa mun san irin wannan fasaha, sai dai ba mu san darajarta ba. A kasuwar hatsi ta Dawanau, ko nan Rimi, in aka kama ɗan awo da kwano biyu, na saye mai bubbugaggen gindi da na sayarwa mai lotsattsen ciki, sai a taru a kansa, a ce macuci, mai tauye mudu, a yi masa wa'azin ranar gobe. Jahilci ne ya sa. A inda aka waye, mai kwano biyu kwat ake sa masa, a kira shi ƙwararre, a ba shi kujera kusa da alƙali, a biya shi kuɗin sa'a.

Ga yadda abin yake. A 2002 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba za a zartar da hukuncin kisa a kan mai raunin ƙwaƙwalwa ba, abin da mu za mu ce an sassauta masa alƙalami. Layin da aka saba ja shi ne wajen 70. Ƙasa da shi ɗaurin rai da rai, sama da shi allurar mutuwa. Daga ranar nan kowane bugu ya sami masoyansa. Lauyan gwamnati na son tsohon kwano, mai cika, don mai laifi ya fito da hankalin da ya isa a kashe shi. Lauyan wanda ake tuhuma na addu'ar a kawo sabo, yana roƙon Allah ya sa mutuminsa ya faɗi jarrabawa. Wasu kotunan sun yarda a zabge maki gwargwadon tsufan bugun, wasu sun ce faufau, abin da mudu ya faɗa ya faɗa. Sai mutum ya zama dolo a wannan jiha, mai basira a waccan, kamar a ce hankalinka na tare da kai har Kwanar Dangora, kana shiga ƙasar Kaduna ya sauka daga mota.

Mutumin da aka yi waccan shari'a da sunansa, Daryl Atkins na jihar Birjiniya, wanda aka samu da hannu a kisan wani sojan sama a 1996, shi ne babban shaidar karamar. Da farko 59 ya ci. Da lambar nan aka je har Kotun Ƙoli, aka yi nasara, aka canza dokar ƙasa baki ɗaya. Da aka dawo da shi gida a sake dubawa, sai ga 74, sai ga 76. Masanin da ya fara auna shi ya bayyana cewa shekarun da ya yi yana zama da lauyoyi, ana yi masa bayani, yana tambaya ana ba shi amsa, su ne suka buɗe masa kai fiye da duk abin da ya samu a samartakarsa. A 2005 masu taya alƙali hukunci suka ce hankalinsa ya isa, a kashe shi. Ku duba wannan rahama: shari'ar da ya ci ita ce ta koya masa wayon da ya cancanci mutuwa da shi. Wace jami'a ce ke ƙara wa ɗalibi maki 17 tana kuma ciyar da shi kyauta? Daga baya, a 2008, an mai da hukuncinsa ɗaurin rai da rai, amma ba don Mudun ya yi kuskure ba, Allah ya kiyaye. Masu gabatar da ƙara ne aka samu da yi wa shaida gyaran baki.

Freddie Lee Hall na jihar Fulorida kuwa sau tara aka auna shi cikin shekara 40, ya ci daga 60 har zuwa 80. Lamba tara a kai ɗaya, ga yalwa, ga zaɓi, kamar rumfar atamfa a Kwari. Kotun jihar ta ajiye na ƙasa da 70 gefe, ta riƙe 71, ta ce da maki ɗaya ya haye. Abin takaici, a 2014 alƙalai biyar cikin tara na Kotun Ƙoli suka ci fuskar Mai Martaba a bainar jama'a, suka ce wai awonsa na iya yin sama ko ƙasa da kimanin maki biyar, don haka a dubi yadda mutum ya rayu, a ji daga waɗanda suka san shi. Wato su koma irin aikin alƙalan Kano na zamanin jahilci. Allah ya saka wa huɗun da suka tsaya wa sarki.

Wanda ya fi burge ni shi ne wani masani a jihar Teksas, George Denkowski, mai tausayin talaka. In ya auna wanda ya tashi cikin fatara ya ga makin ya yi ƙasa, sai ya ce talauci ne ya rufe hasken yaron, ya ƙara masa 'yan maki daga aljihunsa. Mu nan gyara muke ce wa wannan, ɗan abin da mai awo ke barbaɗa maka bayan mudu ya cika. Duk duniya rage wa talaka ake yi, a nan kaɗai aka taɓa yi masa gyara, kuma gyaran ne ke haye da shi layin 70 zuwa ɗakin allura. A 2011 hukumar da ke kula da sana'arsu ta hana shi wannan aiki a shari'un laifi, bayan an riga an kashe wasu daga cikin waɗanda ya yi wa alherin. Mai kyauta ba ya rasa mahassada.

Kada mu yi zaton Mai Martaba ya manta da mu. A 2002 Richard Lynn da Tatu Vanhanen suka fitar da littafin da ya raba wa kowace ƙasa rabonta na hankali, Nijeriya ta sami 67. Daga gwajin 'yan ɗaruruwan mutane aka haƙo wannan lamba aka shafa wa ƙasa mai mutum sama da miliyan 100, kamar yadda gwanar girki ke ɗanɗana cokali ɗaya ta san tukunya, ko da cokalin daga tukunyar maƙwabta ya fito. Ikwatoriyal Gini ta sami 59, daidai da Atkins, kuma daga baya aka gano cewa yaran da aka auna mata a wani gidan kula da masu raunin ƙwaƙwalwa suke, a ƙasar Sifen. Ni dai ban ga abin fushi ba. Da 67 ɗin nan, fiye da rabinmu an ɗauke mana alƙalami ke nan, da alƙalin da lauyan da gandiroban da mai wannan rubutu. Wane gwamna ne ya taɓa yin afuwa mai faɗin haka ranar Sallah?

Na ga Mai Martaba ido da ido bara da damina. Ɗan ƙanwata ya karanto ilimin halayyar ɗan'adam, ya aro akwatin daga wurin malaminsa, bugu na uku, ya tsufa amma ko ƙura bai yi ba. Yana neman wanda zai koyi hannu a kansa. Ni ban yarda a auna ni ba, ina da iyali. Sai na kai shi Soron Ɗinki, zauren wani dattijo mai zayyanar babbar riga. Shekara 50 yana zana aska takwas da tambari a kan shadda, ba ma'auni ba kwafi, ya ɗauko daga wuya ya sauka aljihu layi bai kauce masa ba. Rigunan da ya zana sun fi a ƙirga a ranar hawan Daushe.

Yaron ya ajiye tubala huɗu a kan tabarma, ya buɗe hoto, ya ce, "Baba, so nake ka jera waɗannan su yi daidai da zanen nan, da sauri gwargwadon iko." Ya danna agogo.

Dattijo ya yi bisimilla. Ya ɗauki tubali ɗaya ya juya, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce, "Wannan ba itace ba ne." Ya ƙura wa hoton ido. "Ɗan nan, wa ya yi wannan zayyanar? Bai gama ba. Jan ya danne farin ta hagu." Ana cikin haka wani maƙwabci ya yi sallama, shi kuwa Baba ba ya cikin masu amsa gaisuwa da ka. Ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki, Allah ya ƙara afuwa, a gaishe su. Da ya juyo, kafin ka ce kwabo ya jera tubalan, sai dai ya gyara zanen, ya dawo da jan tsakiya yadda ido zai huta. Yaron ya dubi agogo, ya dubi littafi, ya rubuta sifili.

Aka zo tambayoyin sanin duniya, sunayen mutane da garuruwan hayin teku. Baba ya ce bai san su ba, amma in ana so zai jero sarakunan Kano daga Ibrahim Dabo, da wanda ya haifi wane, da ƙofar da kowanne ya fi fita. Littafin bai tanadi gurbin wannan ba. Aka zo maimaita lambobi, a faɗa maka jeri ka mayar, sannan ka mayar da baya-baya. A nan ma harshenmu ya sake cin amanarmu. Daga ɗaya zuwa tara, kowace lamba a Hausa gaɓa biyu ce, a Turanci kuwa bakwai ce kaɗai mai gaɓa biyu, sauran duk ɗaya-ɗaya. Tun 1980 masu bincike a yankin Wels na Birtaniya suka nuna cewa in sunayen lambobi sun fi tsawo a baki, jerin da kai ke riƙewa yakan gajarce. Bahaushe na ɗaukar kaya ninki biyu a tseren da aka auna da mai kaya ɗaya. Laifin wa? Wa ya aiki kakanninmu su ce "takwas" da baki cike haka? Gwanin da ya haddace izu sittin, ya rubuta da ka, ya san harjin kowace kalma, shi ma in ya zo nan sai ya bi layi.

A hanyar komawa gida yaron ya yi shiru har muka wuce Mandawari, sannan ya ce, "Kawu, in na bi teburin nan, Baba bai kai 70 ba. Amma fa ba da mu aka gwada abin nan ba. Mutum 2,450 aka auna a Amurka, su ne ma'aunin. Malaminmu ma cewa ya yi kada wanda ya kuskura ya kai irin wannan sakamako kotu." Na ce ya yi wa bakinsa linzami. 'Ya'yan zamani ba su san girman manya ba. Wannan taurin kai tsoho ne a nahiyar nan. Masu bincike sun taɓa ba manoman Kpelle na Laberiya kaya su rarraba, suka yi ta haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, wai haka mai hankali zai yi. Da aka ce to yaya wawa zai yi, nan take suka ware abinci gefe, kayan aiki gefe, daidai yadda littafi ke so. Sun san amsar sarai, girman kai ne ya hana su zama masu hankali.

Dokarmu kuwa har yanzu tana barci. Sashe na 51 na Final Kod, wanda Arewa ke aiki da shi tun 1960, aka kwaso daga Sudan, ita kuma ta kwaso daga Indiya, tambaya kawai yake yi: lokacin da ya aikata, ya san abin da yake yi, ya san laifi ne? Ko lamba ɗaya babu a ciki. Hanyar duba ƙwaƙwalwa dai kotunanmu sun san ta, don Allah cikin hikimarsa ya haɗa mana kasuwar awo da asibitin masu taɓin hankali a Dawanau ɗaya. A Satumban 2021 kotun Ƙofar Kudu ta ba da umarnin a duba ƙwaƙwalwar Abduljabbar Nasiru Kabara a can, a duba kunnensa a Asibitin Murtala, bayan ya yi shiru ya ƙi amsa tuhuma, kuma cikin 'yan makonni sakamako ya dawo. In kana da suna, gari na kallo, awo ba ya wuya.

A lungunmu akwai wani yaro marar suna irin wannan. Duk unguwa ta san bai cika ba. Ya haura 20 bai san canjin naira 100 ba, uwarsa kan ƙulle kuɗin aike a takarda ta rubuta wa mai shago abin da take so. Kome ka ce masa, "to" zai ce, yana murmushi. Wani dare 'yan daba suka yi aika-aika a bakin titi, aka rasa rai kan waya, suka miƙa masa jaka suka ce ya riƙe kada ya motsa sai sun dawo. Bai motsa ba. A tsaye aka same shi, rungume da ita. Aka rubuta masa bayani shafi biyu da Turanci, aka tambaye shi ko haka aka yi, ya ce "to", ya dangwala. Da uwar ta je ganinsa, babban yatsan ya fara nuna mata, yana murnar shuɗin tawadar. Shekara huɗu ke nan yana cikin masu jiran shari'a, waɗanda su ne wajen biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin ƙasar nan. Mai unguwa ya sa rawaninsa ya je kotu sau uku don ya faɗi abin da kowa ya sani, sau uku ana ɗage zama. Da ma me zai faɗa? Sanin shekara 20 ne kawai gare shi, ba shi da lamba.

Na zauna na yi lissafin ranar da Mai Martaba zai yi wa yaron nan rangadi, sai na ga adalcin da ban taɓa gani ba. Yaron zai faɗi ƙasa da 70. Baba mai aska takwas ma ƙasa da 70 yake. Mudun bai ga bambanci tsakaninsu ba, bai duba furfura ba, bai duba sana'a ba, ya zuba su a buhu ɗaya ya ɗinke. In lauyan yaron ya miƙe ya ce ga shi mutuminsa bai cika ba, sai lauyan gwamnati ya miƙe ya ce ai duk Kano haka take ci, a yi wa kowa gyaran maki 30, yaro ya fito tsaf, mai hankali kamar kowa, ya shiga sahun mutum sama da 3,000 da ke jiran igiya a ƙasar nan. Ko dai a ɗauke wa gwanin zayyana alƙalami, ko a ɗora wa mai riƙon jaka. Duk wanda aka zaɓa, da hujjar kimiyya aka yi, da hatimi, da sa hannu. Allah ya ƙara maka imani, mai daidaita tsayin dogo da gajere, zakaran da ke cara sau biyu a asuba ɗaya, ma'aunin da ba a taɓa auna shi ba!

Don haka ina kira ga masu riƙe da baitulmali, in za a sayo kada a yi rowa, a sayo bugu biyu, tsoho ga lauyan gwamnati, sabo ga na wanda ake tuhuma, kada wani ya ce an tauye shi. Kada a ɓata kuɗi wajen fassara shi ko gwada shi a kan mutanen Gwale da Dala, sarki ba ya koyon yaren talakawansa. Tunda kuma an ba da sanarwa a 2025 cewa za a mai da gidan yarin Kurmawa, mai shekara sama da 100, gidan tarihi, a ware soro guda a jera bugun 1955 da na 1981 da na 1997 a cikin gilashi, jama'a su riƙa zuwa suna gaishe da iyayen sarki.

Shari'ar yaron lungunmu an ɗage ta zuwa bayan Babbar Sallah, fayil ɗin bai dawo daga inda aka kai shi neman shawara ba. Uwar na kai masa tuwo duk Asabar. Har yanzu yana tambayarta ko masu jakar sun dawo.